Kafin ka sauke manhajar motsa jiki saboda ciwon baya

Ina da aboki a Kusada, bai kai shekara 30 ba, amma in ya tashi da asuba sai ya yi kusan awa guda kafin bayansa ya saki. Ruku'u ma da ƙyar. In ya shiga gona ciwon ya lafa, in ya kwanta ya dawo. Shekara uku yana shan ƙwayoyin kemis ana ce masa sanyi ne, kafin wani likita a Kano ya gano abin da ake kira ankylosing spondylitis, wato kumburin gaɓoɓin ƙashin baya da na ƙugu. Yawanci yana farawa ne kafin shekara 45, kuma in ya yi nisa ƙasusuwan kan manne da juna, mutum ya sandare.

Ban da magani, abin da aka fi nanata masa shi ne motsa jiki kullum: miƙe baya, juya wuya da ƙugu, da jan dogon numfashi don kada ƙirji ya ƙage. A nan waya take da rana. Mutumin Kusada ba zai iya hawa mota zuwa Katsina ko asibitin ƙashi na Dala duk mako don ganin likitan gashi ba, amma waya tana aljihunsa. Wasu ƙasashe sun yi nisa a wannan fanni. A Jamus, tun 2020 likita na iya rubuta wa majiyyaci manhaja kamar yadda yake rubuta magani, inshorar lafiya ta biya.

To na karɓi wayarsa na sauke wasu manhajojin ciwon baya na gwada. Duk da Turanci suke magana, bidiyonsu sai da data, a kwana na bakwai kuma su nemi katin banki a biya da dala. Wata ma iyo ta ba shi shawara. A Kusada!

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi damu na, babu wadda ta tambaye shi wane irin ciwon baya ne kafin ta ce ya fara lanƙwasawa. A yankinmu tarin fuka yana kama ƙashin baya, yana cin ƙashin, kuma wanda ke da shi magani yake buƙata da gaggawa, lanƙwasa na iya ƙara masa illa. Shi ma mai kumburin da bayansa ya riga ya manne, ƙashinsa kan karye da ɗan abu kaɗan. Saboda haka in ciwon bayanka ya zo da zazzaɓi, gumin dare, rama, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, ajiye wayar ka nufi Babban Asibitin Kankiya.

Ni da zan gina mana tamu, shafin farko tambayoyin nan ne, kuma in amsa ta nuna haɗari manhajar ta ƙi buɗewa, ta ce a je asibiti. Na san masu neman yawan saukewa za su ce wauta ce ka kori mai amfani da hannunka. Na yarda da asarar. Sauran kuwa: murya da Hausa, zane mai motsi maimakon bidiyo don kada ta wuce MB 20, ta yi aiki ba data, a tura ta ta Xender. Ta tunatar da mutum bayan asuba, lokacin da bayan ya fi sandarewa, ta kuma riƙa ajiye mintuna nawa ya ɗauka kafin ya saki, ya nuna wa likita ran da ya koma.

Rubuta lambobin ba zai ci mini wata biyu ba. Abin da ba ni da shi shi ne likitan gashi da zai zauna ya tantance kowane motsi, ya ce wannan ya shiga, wannan a cire. In kai ne, ko ka san wani a Katsina ko Kano, ina neman sa.