Sharhi: Huhu Na Yoyo, Ana Ƙarin Ruwa

Yau ma maganar ƙarin ruwa ce. Na san wasu za su ce na cika naci, to sai dai a yi haƙuri, don abin bai ragu ba.

Duk jinin jikin mutum sai ya ratsa huhu, wajen lita 5 a kowane minti ga wanda yake zaune lafiya. Yana bi ta ƙananan jijiyoyi da suka nannaɗe 'yan jakunkunan iska, ɗaruruwan miliyoyi, ya sauke gurɓatacciyar iska, ya ɗauki oksijin. Allah Ya kuma yi wa huhu wata dabara: duk inda iska ba ta kaiwa, jijiyoyin wurin sai su tsuke, jini ya karkata inda iska take, kamar yadda manomin rani ke datse ruwa ya juya shi fangalin da ke da shuka. Wasu masana biyu a ƙasar Suwidin ne suka nuna haka a jikin kyanwa tun 1946.

To amma idan huhu ya ji mummunan rauni, ko daga nimoniya, ko ƙwayoyin cuta sun shiga jini, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko amai ya sarƙe mutum, ko hayaƙin gobara, sai bangon jijiyoyin nan ya fara yoyo. Ruwa ya tsattsafo, ya cika jakunkunan. Waccan dabara ta tsukewa ta yi rauni, jini ya ci gaba da bi ta wuraren da ruwa ya mamaye, ya fita yadda ya shigo, bai ɗauki komai ba. A wasu sassan kuwa iska na shiga lafiya lau, amma jini ya daskare ya toshe hanya. Iska a can, jini a nan. Shi ya sa wani sa'in za a sa wa maras lafiya oksijin, amma leɓensa na nan a dushe. Ɓangaren dama na zuciya, wanda dama ba mai kauri ba ne, yana ta turi har ya galabaita. Likitoci a birnin Denba na Amurka ne suka fara bayyana wannan cuta ta yoyon huhu a 1967, a kan marasa lafiya 12.

A wannan halin ne fa dangi ke tsayawa a kan ma'aikacin jinya: "Malam, ba za a ƙara masa ruwa ba?" Mutum yana haki, huhunsa na yoyo, mu kuma ƙarin ruwa! Mai kemis na unguwa ya riga ya ɗaura masa ledar ruwa biyu a ƙusa kafin a kawo shi asibiti. Idan likita ya hana, a ce bai san aiki ba, ko kuwa don talaka ne. Ikon Allah!

Kada a ce na ce ƙarin ruwa ba shi da amfani. Mai amai da gudawa, mai kwalara, wanda jini ya zuba, ruwa ne ceton ransa. Amma a 2011 an fitar da sakamakon binciken da aka yi a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, a kan yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa. Su kansu masu binciken ba haka suka zata ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ledar ruwa ba ta yankewa, amma ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa ya auna oksijin a jini, sai ka zagaya ƙaramin asibiti ba ka ga ɗaya ba. Ko ka gani, batir ya mutu. Alhali a Kigali, a 2016, likitoci sun nuna da shi da na'urar sikanin ana iya gane cutar yoyon huhun ba sai da manyan injina ba. Nawa abin yatsan yake? Bai kai kuɗin rumfar bikin buɗe asibitin ba.

Akwai ma maganin da ba a saye. A Faransa da Sifen, a 2013, an riƙa kwantar da masu cutar da ke kan injin numfashi rub da ciki, aƙalla awa 16 a rana, don bayan huhu ya buɗe, iska ta tarar da jinin da ke can. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 33 cikin 100 zuwa 16.

Don Allah iyaye, don Allah masu jinya, idan numfashi ya yi sama-sama, a wuce kemis, a nufi asibiti. In an isa, a nemi a auna masa oksijin, a bar wa likita maganar ledar ruwa.