Gudu Uku A Mako Ya Wadatar, In Ana Hawan Keke

Duk mai fitowa daga masallaci bayan sallar asuba a unguwar Sarkin Dawaki da ke Jalingo ya san su. Samari ne bibbiyu, uku-uku, suna sassarfa a gefen kwalta, wasu sun nufi filin wasa na Jolly Nyame, wasu sun miƙe Hammaruwa Way. Abin sha'awa ne. Amma fuskokin ba sa daɗewa. Yaron da kake gani kullum a watan Nuwamba, kafin Janairu sai ka neme shi ka rasa. In ka tambayi abokansa sai su ce, "Ai ƙwaurinsa ne ya matsa masa," ko kuwa, "Gwiwa ce."

Ni a ganina ba ragwanci ke korar yaran nan daga titi ba. Zafin nama ne ya yi yawa. Sun ɗauka duk mai son gudun fanfalaki dole ya fita kowace safiya, kuma suna da hujja, domin haka zakarun Kenya ke yi. Eliud Kipchoge, wanda ya cinye kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a 2019, yakan yi wajen kilomita 200 a mako. Sai dai gudu shi ne sana'arsa. A sansaninsu na Kaptagat yana gamawa sai ci, sai barci, ga mai yi masa tausa, ga hanyar jar ƙasa mai laushi. Yaronmu kuwa yana gamawa zai watsa ruwa ya hau Keke Napep har dare, ko ya wuni tsaye a shago, ko ya ruga lacca a Jami'ar Jihar Taraba, gobe kuma ya koma kan kwalta da takalmin gwanjo da tafinsa ya siɗe.

Zuciya da huhu suna saurin sabawa da wahala. Cikin 'yan makonni mutum zai ji numfashinsa ya daidaita. Ƙashi da jijiyoyi su ne masu nawa, sai sun ɗauki watanni. A wannan tsakanin ake samun matsala: ƙirji na cewa a ƙara, ƙafa ba ta shirya ba. Kowane taku nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku yake saukewa a kan ƙafa ɗaya, kuma ƙashi sai ya samu hutu yake gyara kansa. In an hana shi, ciwon ƙwauri ya fara, wani lokaci har ƙashin ya tsage.

Wasu masana a Jami'ar Furman da ke Amurka, Bill Pierce da Scott Murr da Ray Moss, sun fito da wani tsari da suka wallafa a littafinsu Run Less, Run Faster a 2007. Gudu uku ne kacal a mako, na tsawon mako 16, kowanne da aikinsa. Rana ɗaya a fili, a zabga gudun mita 400 ko 800 ko 1,600, a ɗan huta, a sake. Rana ta biyu a riƙe gudu mai ƙarfi na kilomitoci da dama, irin wanda ba ka iya hira da na kusa da kai. Ta uku ita ce doguwar tafiya, ana ƙara ta sannu a hankali har ta kai kilomita 32. Sai kwana biyu a hau keke ko a yi ninƙaya, zuciya na aiki, ƙafa na hutawa daga dukan ƙasa.

Wannan ya dace da mu ƙwarai. Wurin ninƙaya mai tsafta ba kowa ke samu a Jalingo ba, kuma ba zan tura ɗan kowa kogi ya kwaso tsargiya ba. Amma keke fa? Ko aro za a samu a unguwa. Awa guda ana murza feda a hanyar Kona, ba tare da tsayawa gaisuwa ba, aiki ne na gaske. Ƙwallo dai kada a sa ta a lissafi, duk da na san nan ne za a yi mini gardama. Ita ma dukan ƙafa ce, ga juyi, ga haɗuwa da ƙafar wani.

Kada kuma wani ya ji "uku" ya ɗauka sauƙi ne. Gudun nan uku sun fi sassarfar kullum zafi, kuma keke ba ya maye gurbin doguwar tafiyar. Wanda bai taɓa jin yadda cinya ke yi bayan kilomita 30 ba, ranar gasa zai ji, a inda babu mai taimakonsa. Na kuma yarda cewa mai son ya kara da yaran Pankshin, waɗanda suka daɗe suna gaba a gudun nesa a ƙasar nan, sai ya ƙara yawan gudu nan gaba. Irin wannan ma wurinsa Gembu ne, a kan tsaunin Mambilla mai sanyi da tudu, arzikin da Allah ya ba jiharmu muna kallo. To amma sai ƙafa ta kai shekara biyu lafiya ake wannan magana.

Gasar gudun fanfalaki ta Legas, wadda aka fara a 2016, a watan Fabrairu ake yin ta. Ke nan mai niyya zai fara shiri a Oktoba, damina na ƙarewa, dogayen tafiye-tafiyensa su faɗo cikin sanyin hunturu, kafin zafin Maris ya sauko. Masu horar da yara a filin Jolly Nyame, ga roƙona: ku rubuta wa kowane yaro ranakunsa uku a takarda, in kun gan shi da takalmin gudu a rana ta huɗu ku mayar da shi ya ɗauko keke.