Janar Lee: motar da ta fi masu ita suna

 

Ran Asabar da ta wuce, bayan sallar isha'i, gardama ta kaure a fadarmu, har shayi na biyu ya ƙone bisa gawayi ba wanda ya lura. Musabbabin abin kuwa, wani saurayi ne ya nuna mana a salularsa wata mota mai ruwan goro, da lamba 01 a jikin ƙofarta, ta tashi sama kamar shaho ta tsallake rafi, ta dira, ta ci gaba da gudu. Nan take dattawan wurin suka gane ta, domin da yawansu sun kalli wasan da Faransanci, da sunan Shérif, fais-moi peur ! Wani abokinmu makanike ya rantse cewa babu motar da za ta yi irin wannan dira ta sake motsi. Wani kuma ya ce shi da idonsa ya gani, mota ɗaya ce tun farko har ƙarshe. Aka sa kilo guda na sukari, aka naɗa ni alƙali. To ga hukuncina, tare da wani abu da na tarar wanda ya fi sukari nauyi.

Sunan wasan na asali The Dukes of Hazzard. Gidan telebijin na CBS a Amurka ya fara nuna shi ran 26 ga Janairu 1979, ya rufe ran 8 ga Fabrairu 1985, bayan zango 7 da kashi 147. Gy Waldron ne ya ƙago shi, daga wani fim nasa na 1975 mai suna Moonrunners. A zangon 1980 zuwa 1981, wasa ɗaya tak ya fi shi yawan masu kallo a Amurka, shi ne Dallas.

Labarin bai da wuyar fahimta. Bo da Luke, samari biyu ƴan uwan juna, suna zaune a gonar baffansu Jesse tare da ƴar uwarsu Daisy, a wata gunduma ta ƙage mai suna Hazzard cikin jihar Jojiya. An taɓa kama su da laifin jigilar barasar da ake dafawa a ɓoye, aka yi masu ɗaurin talala, aka hana su riƙe bindiga. Shi ya sa za ka gan su da kwari da baka, wani lokaci da nakiya ɗaure a bakin kibiya. Abokin gabarsu Boss Hogg ne, attajiri mai farar kwat da ƙaton ciki, wanda ya mallaki banki da gidan shaye-shaye da rabin gari, yana kuma neman haɗiye gonarsu. Ɗan korensa shi ne sherif Rosco, surukinsa. Kada mai karatu ya ɗauka sharifi ake nufi: sherif a can shugaban ƴan sandan gunduma ne, zaɓensa ake yi. Kowane mako su Boss Hogg su ƙulla makirci, samarin su warware shi, motocin ƴan sanda su ƙare cikin tabki ko bisa itace, ba kuwa wanda ke mutuwa. Mai ba da labarin, wanda kuma ya rera waƙar buɗe wasan, shi ne mawaƙi Waylon Jennings.

Kowa a wasan da motar da ta dace da halinsa. Boss Hogg yana da farar Cadillac ta 1970 marar rufi, da ƙahonin sa a goshinta. Baffa Jesse yana da tsohuwar farar Ford a-kori-kura. Daisy ta fara da Plymouth Road Runner rawaya, da ta faɗa rami sai ta samu farar Jeep CJ-7 mai suna Dixie. Amma sarauniyarsu duka ita ce Dodge Charger ta 1969, wadda samarin suka raɗa wa suna Janar Lee. A cikin labarin an yi wa ƙofofinta walda kamar motar tsere, don haka ta taga ake shiga, ta taga ake fita.

Yanzu ga batun sukari. Makanike ne da gaskiya. Tsallen farko da aka ɗauka an yi shi ran 11 ga Nuwamba 1978, a harabar kwalejin Oxford ta jihar Jojiya, direban kasada Craig Baxley na riƙe da sitiyari. Motar ta tashi kamar mita 5, ta yi kamar mita 25 cikin iska bisa kan motar ƴan sanda, kuma daga wannan dira ba ta sake zama Janar Lee ba. Dalili a fili yake ga duk wanda ya taɓa buɗe gaban mota. Injin Charger babba ne mai nauyi, a gaba yake, saboda haka da motar ta bar ƙasa sai hancinta ya nufi ƙasa. Don a rage haka, masu shirin sukan loda buhunan yashi ko kankare, kilo 200 zuwa sama da 400, cikin akwatin baya. Duk da haka, in ta dira sai ƙashin motar ya lanƙwashe. Abin da mai kallo ke gani dabarar yanke hoto ce: wadda ta tashi daban, wadda ta ci gaba da gudu daban. Masu ido sukan tsayar da hoton daidai lokacin dira, su nuna maka gaban motar yana naɗewa kamar gwangwani.

Ƙididdigar waɗanda suka yi aikin ta kama daga mota 250 zuwa sama da 300, ke nan kusan biyu a kowane kashi, kuma kimanin 17 ne suka tsira. Da tafiya ta yi tafiya sai Charger ta 1969 ta yi wuya a kasuwa. Aka koma sayen ta 1968 ana canza mata fuska da fitilun baya, domin ta 1968 fitilunta zagayayyu ne, ta 1969 kuwa dogaye ne, kuma ragar gabanta a rabe take biyu. A ƙarshen wasan har da ƙananan motocin wasan yara aka riƙa ɗaukar wasu tsallen, abin da masoya ba su yafe ba har yau. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: motoci da direbobin kasada ke faɗuwa, kamfanin Warner Bros. na tara riba.

A kan ribar nan ma aka ɓata a 1982. John Schneider da Tom Wopat, masu fitowa a matsayin Bo da Luke, suka ce ba a biya su haƙƙinsu na cinikin kayan wasan yara da riguna masu hotonsu ba, suka yi yaji. Kamfani ya ɗauka mota ce kawai jama'a ke kallo, ya kawo wasu samari biyu masu kama da su, aka kira su Coy da Vance. Masu kallo suka juya baya. Ala tilas aka sasanta, na asali suka dawo a 1983.

Akwai wasu ƙananan labarai da masoya ke jin daɗin maimaitawa. Schneider yana da shekara 18 lokacin da ya je neman aikin, haifaffen jihar New York ne, amma ya ƙara wa kansa shekaru ya yi shigar ɗan ƙauyen Kudu. Sorrell Booke, wato Boss Hogg, cikin nan nasa cikon tsumma ne, kuma mutumin da ke fitowa a matsayin jahilin maciyi ya yi karatu a jami'o'in Columbia da Yale, yana jin harsuna da dama. Ben Jones, wato makanike Cooter, an zaɓe shi ɗan majalisar wakilai ta Amurka daga Jojiya, ya zauna daga 1989 zuwa 1993. Kashi 5 na farko kaɗai aka ɗauka a Jojiya, sauran duka a Kaliforniya ne.

To jama'a, a daren nan an yi maganar inji, an yi ta taya, an yi ta fitila. Da na tambayi abin da ke zane bisa rufin motar, sai aka ce ai tutar Amurka ce, wani ya ce ado ne. Rashin sani ya fi dare duhu, ni ma kuwa na daɗe cikin wannan duhun.

Jar tutar nan mai shuɗin gicciye da farin tauraro 13, tutar yaƙi ce ta jihohin Kudu da suka ɓalle daga Amurka, aka gwabza yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865. Tushen ɓallewar shi ne su ci gaba da bautar da baƙar fata, waɗanda a ƙidayar 1860 sun kusa miliyan 4. Robert E. Lee, wanda motar ta ci sunansa, shi ne babban janar ɗinsu, ya miƙa wuya ran 9 ga Afrilu 1865 a Appomattox. Cikakken sunan Boss Hogg kuwa Jefferson Davis Hogg, sunan shugaban ƙasar ƴan awaren ne aka ba shi. Odar motar, wadda muke kwaikwaya da fito muna yara, farkon waƙar Dixie ce, wadda ta zama taken Kudu lokacin yaƙin, ta kuma fito ne daga wasannin da Turawa ke shafa baƙi a fuska suna yi wa baƙar fata ba'a. Tutar ba ta tsaya a 1865 ba. Bayan kotun ƙoli ta haramta wariyar launi a makarantu a 1954, jihar Jojiya ta ɗauki wannan gicciye ta saka cikin tutarta a 1956, ya zauna nan ɓaro-ɓaro har 2001. Ke nan ranar da aka yi tsallen farko, alamar da ke bisa rufin motar ita ce ke kaɗawa bisa ofisoshin jihar.

Ran 17 ga Yuni 2015, wani matashi farar fata ya shiga wata majami'ar baƙar fata a birnin Charleston, jihar Karolina ta Kudu, ya harbe mutum 9. Aka ga hotunansa riƙe da wannan tuta. Kafin wata ya cika, kamfanin Warner Bros. ya daina ba da izinin ƙera motocin wasan yara masu tutar, tashar TV Land ta cire wasan daga jerin shirye-shiryenta, kuma ran 10 ga Yuli aka sauke tutar daga harabar majalisar jihar. Ita kuwa motar tsallen farko, bayan ta yi shekara sama da 20 a jujin motoci an gano ta an gyara, ɗan wasan golf Bubba Watson ya saye ta a gwanjo a 2012 kan dalar Amurka 110,000. A Yulin 2015 ya ba da sanarwar zai shafe tutar da ke rufinta.

Adalci ya wajaba mu ji ɗaya ɓangaren. Ben Jones da John Schneider sun kare wasan, suka ce babu ƙiyayyar launi cikinsa, labari ne na talaka mai gaskiya da azzalumin mai kuɗi. Wanda ya kalla zai shaida akwai gaskiya a nan. Har ma sherif na gundumar maƙwabta, Little, wanda su Rosco ke shakka, baƙar fata ne, Don Pedro Colley ya fito a matsayinsa. Sai dai ni a ganina, a nan ne haɗarin yake. Tutar da aka ɗora bisa motar mutanen kirki, ana dariya ana tafi, ta fi saurin shiga zuciyar yaro bisa wadda ke hannun mai kisa. Ta haka ta ƙetare teku ta iso ga yaran da da sun rayu a Jojiya a 1860, da a kasuwa za a yi cinikinsu.

Ba na cewa a ƙone kasat, ko mutum ya ji kunyar dariyar da ya yi yana yaro. Rosco abin dariya ne har gobe, kuma direbobin da suka sayar da rai cikin waɗannan motoci sun cancanci yabo. Abin da nike roƙo biyu ne. Wanda zai nuna wa ɗansa wasan, ya gaya masa wane ne Lee da abin da ya yi yaƙi dominsa, kamar yadda zai gaya masa cewa motar da ta tashi ba ita ce ta ci gaba da gudu ba. Na biyu, direbobinmu da ƴan kabu-kabu masu son liƙa hotuna da tutoci a jikin ababen hawansu, su riƙa tambayar ma'anar alama kafin su ɗauke ta su zagaya gari da ita.

Makanike ya karɓi sukarinsa, mun kuma shanye shi tare a daren. Ga tambayar wannan mako ga masu cewa sun san wasan ciki da bai: mine ne sunan karen nan mai dogayen kunnuwa da sherif Rosco ke ɗauka cikin motarsa? Wanda ya sani ya aiko mana, za mu bayyana amsa a fitowa ta gaba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.