Ranar da ke jikin kwali ba ta san zafin Afrilu ba

Matasa, kafin ku yi odar man shafawa a Instagram ko ku sayi magani a tasha, ku tambaya: ina ya wuni? Kamfanoni kan gwada magani a zafin digiri 40 har wata shida, sannan su rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 25 ko 30. To Sakkwato fa? A Afrilu ana wuce 40! Insulin kuwa firji yake so, digiri 2 zuwa 8. Zafi kan rage ƙarfin magani tun wa'adinsa bai cika ba, kuma ba lallai ido ya gani ba. Man bitamin C da ya koma ruwan ƙasa, a zubar. Magani kuma kada ya wuni a mota.