Rufin rami ba ya faɗowa sai ya yi magana

Jama'a, a daina gaya mana cewa ƙasa tana rufta wa mahaƙa ba zato ba tsammani. Mun gaji da wanga zance. Duk lokacin da muka buɗe layin waya a radiyo bayan wani rami ya rufta, abin da muke ji ke nan: wai babu yadda za a yi a sani.

Akwai yadda za a yi. Ku dubi masu haƙar kwal a ƙarƙashin ƙasa a Sin, Ostareliya da Folan. Suna yankan kwal ne a dogon bango, mai tsawon mita 200 zuwa 400, inji yana kai da komo yana kankare shi. Bisa kawunan ma'aikata akwai rumfunan ƙarfe fiye da 100 a jere, kowace tsaye kan ƙafafu masu aiki da matsin ruwa. Inji na wucewa, rumfa ta matsa gaba, a bar rufin baya ya faɗi da gangan.

To ga inda maganar take. A jikin ƙafafun nan akwai ma'auni da ke karanta nauyin da dutse ya ɗora, yana aika lambobi zuwa kwamfuta a sama. Babban dutsen rufi ba ya karyewa nan take. Rataya yake yi a baya, yana ƙara tsawo, nauyi na hawa a hankali, sannan ya karye. Haka yake maimaitawa, har injiniya ya gane zagayensa. In ƙafa guda ta fara yoyo, matsinta ya sauka, maƙwabtanta su ɗauki kayanta, allo ya nuna tun kafin ido ya gani. Sai a gyara, ko a janye mutane.

Mun san amsar da za a ba mu: wannan kayan manyan kamfanoni ne, ina mai haƙar zinariya da diga zai same su? Gaskiya ne, ba mu musa ba. Mu kanmu kwal ɗinmu na Anu Araren daga sama ake buɗe shi, babu rufi. Amma kafin ƙarfe ya zo, da itace Turawa suke tokare rami, kuma sun fi son shi don yana ƙara kafin ya karye. Itace ma ya fi ƙarfinmu?

A watan Nuwamban 2021 rijiyoyin zinariya suka rufta kusa da Ɗan Isa, nan jahar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Rufe wuri bayan an yi jana'iza ba tsaro ba ne, don yunwa za ta maida samari wani ramin.

Abin da muke nema ga hukumomin ma'adinai da masu ramuka: kada kowa ya sauka ramin da ba a tokare ba, a bar tazara tsakanin rijiyoyi, kuma kowane wuri ya samu mutum guda da aka horar, mai duba tsaga da zubar tsakuwa safe da yamma, wanda in ya ce a fito, ko mai rami ba shi da ta cewa.