Austen a allo: sa'o'i biyu sun yi kaɗan

Fim ɗin Pride and Prejudice da Joe Wright ya shirya a 2005 ya fi na BBC na 1995 kyawun hoto, amma bai kai shi riƙe jigon littafin Jane Austen ba, wato gado. Mista Bennet 'ya'yansa biyar duk mata ne, kuma ranar da ya rasu gidan Longbourn zai koma hannun danginsa Collins. Shirin BBC mai kashi shida ya ba wannan fargaba fili, har mai kallo ya fahimci abin da ya sa Charlotte ta auri Collins ba don so ba. Wright kuwa ya karkata ga kallon-kallo tsakanin Keira Knightley da Matthew Macfadyen, ya kai neman auren Darcy na farko cikin ruwan sama, alhali a littafin cikin ɗaki aka yi shi.