Yardar Yaro Ba Yarda Ba Ce

Mu da muka taso a zamanin da ake cewa ɗa na kowa ne, mun san wani abu da ba a makaranta aka koya mana ba. Idan yaro ɗan shekara goma ya ja akuyar gidansu ya kai kasuwa, wani ya saya, dattawa ba sa tsayawa tambayar ko yaron ya amince da farashin. Cinikin ya warware, kunya kuma ta mai saye ce, don shi ne babba. A kan wannan hankalin aka gina dokar shekarun amincewa, sai dai abin da take karewa ya fi akuya daraja nesa ba kusa ba.

Da yawanmu mun manta cewa dokar nan ta girmi mafi yawan masu gardama a kanta. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, domin su duba tsarin shari'ar Arewa. Daga shawararsu aka samu kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. Sashe na 282 ya lissafo abin da ake kira fyaɗe, a ciki har da kusantar yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba, ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Iyayenmu ne suka zauna a majalisa a Kaduna suka amince da wannan.

Ku dubi hikimar da ke ciki. A shari'ar manya, alƙali yakan bi diddigin ko an yi dole, ko an yi barazana. Idan yarinya ce, an ɗauke mata wannan nauyin gaba ɗaya. Abu biyu kawai ake nema: shin abin ya faru, kuma shekarunta nawa? Ba a tambayar me ta sa, ko me ya kai ta shagon, ko ta karɓi kuɗin da aka ce an saye tallarta duka da shi. Mai lalata yara ba kasafai yake zuwa da wuƙa ba. Da alewa yake zuwa, da fara'a, da sanayya, wani lokacin ma da sunan kawu ko maƙwabci.

Yau kuwa, da zarar irin wannan ta ɓullo a unguwa, sai ka ji wani ya ce ai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan karin magana tana da wurinta, amma ba a kan 'yar shekara goma sha biyu ba. Zuciyata takan sosu idan na ji ta daga bakin mai furfura.

A 2003 Shugaba Obasanjo ya sa hannu a Dokar Haƙƙin Yara, wadda ta ce yaro shi ne duk wanda bai kai 18 ba, mace ko namiji. Sashe na 31 ya tanadi ɗaurin rai-da-rai ga wanda ya yi lalata da yaro, ya kuma toshe ƙofofi biyu: ba a karɓar uzurin cewa yaron ya yarda, ba a karɓar cewa an zaci ya girma. Amma sai kowace jiha ta yi tata kafin ta yi aiki a cikinta, kuma jihohinmu sun daɗe suna jan ƙafa, galibi saboda taƙaddamar shekarun aure. Kaduna ta yi a 2018, Kano sai a 2023. Wannan taƙaddama ta cinye mana shekaru, alhali babu malami ko basaraken da ya taɓa halatta a lalata 'yar talla a kango.

Inda muke tuntuɓe yanzu a gida ne. Ana kiran zaman sulhu, a ce a rufa asiri, a karɓi kuɗin magani, magana ta mutu, mutumin ya koma bakin shagonsa. Ga kuma batun takarda. Doka ce mai aiki da lissafi, yaranmu da yawa kuwa ba su da takardar haihuwa, sai lauyan wanda ake tuhuma ya kama nan ya yi ta ja. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayar da ita, kuma an fi samun sauƙin karɓa tun jariri yana goye.